Layar Hawa Bango

Duk faɗin Dutse, daga Garu har ƙauyukan da ke bayan duwatsu, babu wanda bai san gidan Baba Arzika magini suna da maganin faɗuwa ba. Mutum ɗaya ne kawai bai san da wannan magani ba, shi ne Baba Arzikan kansa.

Tun yana saurayi yake hawa bango, yau ga shi gemu ya yi fari fat, gwiwoyi sai sun yi ƙara kafin ya miƙe daga tahiya, amma ba a taɓa ɗauko mutum ranga-ranga daga ƙarƙashin gininsa ba, ko shi, ko yaransa, ko masu jefa masa tubali. Mutane suka duba suka ce ruwa ba ya tsami banza. In ya ce musu ba wani abu ba ne illa kiyayewar Allah da ɗaure tsani, sai su ce, "Haka ne, Baba," suna irin murmushin nan da ake yi wa maharbi in ya ce da sa'a kawai yake shiga daji. Wannan murmushi ya fi zagi ƙona masa rai.

Gaskiyar magana, abin da Baba Arzika yake da shi mita ce. Mita kuwa ta gidan gaba. Ba a jingina tsani a wurin aikinsa sai an ɗaure shi ya zo ya jijjiga. Ba a hawa bango sai ya danna shi da babban yatsa, in ya lotsa ko yaya ne, to ranar kowa ya nemi wani aikin. Azara kuwa, itacen giginyar da ake rufi da shi, sai ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, ko gara ta cinye cikin. Masu gida suna tsine wa nawarsa a bayan ido, amma in za su sake gini shi suke kira.

Wanda ya fi kowa shan wannan mita shi ne Nata'ala, ɗan ƙanensa marigayi, wanda ya taso a hannunsa tun daga kwaɓa ƙasa. Yanzu Nata'ala magidanci ne da 'ya'yansa, kuma hannunsa yana da kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. In ya tayar da bango sai ka ce da zare aka ja. Abu biyu ne suka hana baffansa sallamarsa ya ci gashin kansa. Na farko rawar kai. Na biyu kuma, duk shekarun nan da ya yi yana kallon ana ɗaure tsani a gabansa, shi ma ya yi imani akwai asiri, kuma baffansa ya ɓoye ne sai ranar da ya ga dama. Ƙa'idojin kuwa a wurinsa tsufa ne kawai. In tsohon yana wurin ya bi, in ya ba da baya ya haye yadda ya so.

Ana nan, 'yan shekaru bayan Nasara sun ci Kano, sai aka ce Baturen da ke zuwa rangadi ya gaji da kwana a rumfar zana, a gina masa bariki na soro a bayan gari kafin ruwa ya sauka. Ɗan'inna, bafaden hakimi, shi ya kawo saƙon, yana tsaye a ƙofar zaure ko zama bai yi ba.

"Baba, an ce a fara gobe. Dagatai za su turo mutane daga ƙauyuka, masu kwaɓi da masu ɗauka."

"Manoma ke nan," in ji Baba Arzika. "Waɗanda ba su taɓa hawa abin da ya fi rumbu ba. Kuma yanzu, da bazara ta kawo kai? Ina kuke tun farkon rani?"

"Ni dai ɗan aike ne, Baba."

Da ya tafi, tsohon ya daɗe yana murza gwiwa. Ya san ƙafafun nan ba za su kai shi ƙarshen wannan aiki ba. Ya san kuma duk wanda ya gina barikin nan, shi ne maginin Dutse na gaba, ko an so ko an ƙi. In ba Nata'ala ya yi ba, za a kirawo wani daga Gaya ko Birnin Kudu, sana'ar ta bar gidan ke nan. Abin da yake so a duniya bai wuce ya miƙa wa yaron nan aikin ba, ya koma gindin tsamiyar ƙofar gidansa ya zauna, ba tare da an zo wata rana an ce masa wani ya faɗo ba.

Ya kira Nata'ala ya ce, "Aikin barikin nan naka ne. Ni zan riƙa leƙowa."

Nata'ala ya sunkuyar da kai, ya yi godiya, amma bai tashi ba. Ya yi ta zane a ƙasa da tsinke.

"Da magana ne?"

"Baffa, tunda an sallame ni, sai a cika mini."

"A cika maka me?"

"Abin nan dai na gida."

Baba Arzika ya rufe ido ya buɗe. "Nata'ala, a cikin gidan nan ka yi rarrafe. Ka taɓa ganin na turara wani abu? Ka taɓa ganin na binne wani abu a harsashi? Wallahi babu. Na rantse maka, babu."

"Ai dama an ce sai an rantse ba a da shi, in ba haka ba ya karye."

"Wa ya ce?"

"Kowa ma ya sani, Baffa."

To ina za ka bi da irin wannan? In ka yi shiru an ce ka amsa, in ka rantse an ce rantsuwar tana cikin asirin. Tsohon ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kawo misalin kakan Nata'ala, duk kamar an shuka dusa. Ƙarshe Nata'ala ya ce, cikin ladabi kuwa, shi ba zai ɗauki aikin Nasara haka nan ba komai a jikinsa ba. In baffansa bai yarda da shi ba har yanzu, ba komai, zai ci gaba da kwaɓa ƙasa.

Baba Arzika ya shiga cikin gida yana ƙwafa. Matarsa Larai tana tankaɗen garin kuka a tsakar gida, ta ji komai, don zauren ba shi da nisa kuma muryar maigidan ba ta san raɗa ba.

"Malam, yaron nan fa ba zai ji ba," ta ce. "Shekara nawa kana faɗa?"

Ya tsaya yana kallon garin kukar da ke cikin faifai, har dai ta ɗago ta dube shi. Sai ya durƙusa da ƙyar, ya ɗebi kaɗan da yatsu uku, ya je murhu ya haɗa da toka, ya ƙulle a tsumma.

"Miyar tawa za ka kai ina?"

"Wurin baduku."

Larai ta ajiye rariya. "Kai da ka ƙi ƙarya da ƙuruciya, sai yanzu da furfura?"

"Ba ƙarya zan yi ba, linzami zan sa masa. Tunda bakina bai isa ba, bari fata ta yi masa magana."

"Allah ya sa kada garin neman gira a rasa ido," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari da hantsi ya kira Nata'ala cikin turaka, ya sa ya rufe ƙofa, don abin ya yi kama da abin. Ya fito da laya sabuwa, jar fata, ɗinkin ya yi kyau. Nata'ala ya karɓa da hannu biyu. Kunya ta kama tsohon, amma ya daure ya ɗaure fuska.

"Tana da sharaɗi, ka buɗe kunnenka. Ranar da ka taka tsanin da ba a ɗaure ba, ta karye. Ranar da ka hau bangon da yatsa yake lotsawa, ta karye, kuma ba a sake yin wata. Azarar da ba ka ƙwanƙwasa ba, kada ƙafarka ta taɓa ta. Ka ji?"

"Na ji, Baffa." Ya maimaita su tsaf, babu wanda ya tsallake. Abin da aka yi shekara da shekaru ana faɗa masa yana bi ta bayan kunnensa, yau ya haddace shi a zama ɗaya saboda garin kuka da toka. Baba Arzika bai san ko dariya zai yi ko kuka ba.

Abin mamaki, linzamin ya kama. Duk sanda tsohon ya dogara sanda ya leƙa bayan gari, sai ya tarar da Nata'ala yana jijjiga tsani, ko yana danna bango da yatsa yana ɓata fuska irin ta malamai. Manoman da aka turo suna tattaka ƙasa da yankakkiyar ciyawa, wasu suna mulmula tubali suna shanyawa, wasu suna jefa masa sama yana cafewa, yana zaune a kan bango kamar mahayi. Gini yana tashi sumul. Baba Arzika ya koma gida ya ce da Larai, "Kin gani?" Ita kuwa ta ce ta gani. Har ya fara rage zuwa, ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiya.

Sai hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ɗan'inna ya tare a wurin aikin, kullum da sabon saƙo: hakimi ya ce, Bature ya kusa, an ga masu kayansa a hanyar Kiyawa. Manoman su ma hankalinsu ya koma gona, kowa so yake a gama a sake shi ya je ya yi sharar gona kafin shuka.

Ran nan da la'asar sakaliya Baba Arzika yana zaune a kan buzunsa, sai ya hango mutane sun nufo gari ɗauke da wani a kan asabari. Tun kafin su iso jikinsa ya ba shi. Ya miƙe ba tare da ya nemi sanda ba.

Ba Nata'ala ba ne. Nata'ala yana biye da su a baya da ƙafafunsa, ko ƙwarzane babu. Wanda ke kan asabarin wani manomi ne da ake kira Barau, daga wani ƙauye a arewacin gari, dogo mai yawan raha, wanda tsohon ya sha gani yana jefa tubali yana waƙa. Yanzu babu waƙa. Cinyarsa ta dama ta juya inda cinya ba ta juyawa, ya cije gefen rigarsa, gumi yana ta zuba.

Aka shigar da shi zauren Baba Arzika, aka aika a kira maɗori. Sai da aka ja ƙafar aka ɗaure da karare, Barau ya suma ya farfaɗo, sannan maɗorin ya ja tsohon gefe ya ce ƙashin ya karye a mugun wuri. Zai tashi in Allah ya so, amma bana dai ba shi ba fartanya, kuma da wuya ƙafar ta koma daidai. Mutum mai mata da 'ya'ya ƙanana, ga damina a bakin ƙofa.

Da mutane suka ragu, Baba Arzika ya kira Nata'ala bayan zaure. Ya danne fushinsa, ya yi magana a hankali.

"Me ya kai manomi kan bango?"

"Baffa, bangon gabas ne. Jiya muka ɗora masa, yau na danna na ji ya lotsa. Ɗan'inna kuma ya tsaya a kaina, wai lallai a kai shi inda za a ɗora azara kafin magariba."

"Sai ka ce masa me?"

"Na ce ni dai ba zan hau ba, saboda sharaɗi."

"Madalla. Sai kuma?"

"Sai na ga Barau yana hawa dabino, ba ya jin tsoron sama. Na ce ya hau ya riƙa jerawa, ni ina nuna masa daga ƙasa. Yana cikin yi sai bangon ya zame da shi."

Baba Arzika ya dube shi, ya sake dubansa. "Ka danna ka ji ɗanye ne. Ka ƙi hawa. Ka tura wani."

"Ai shi ba shi da layar da za ta karye, Baffa."

Ya faɗi haka ne da zuciya ɗaya, yana kallon baffansa ido cikin ido, irin kallon wanda yake jiran a ce ya kyauta. Ga layar nan a damtsensa, lafiya lau, bai karya sharaɗi ko ɗaya ba. Takaici ya turnuƙe tsohon har ya rasa ta inda zai fara. Yana so ya kwaɗa masa mari, sai ya tuna wanda ya ɗebi kukar da yatsunsa. Shi ne ya ce "ranar da ka hau," bai ce "ranar da aka hau" ba, don bai taɓa zaton akwai mai hankalin da sai an gaya masa bango ɗanye ba ya tambayar wa ke kansa ba. Ya koya wa yaron tsoron ɓata laya, bai koya masa tsoron bango ba.

"Ciro ta," ya ce.

Nata'ala ya dafe damtse. "Baffa..."

"Ciro ta na ce."

Ya kwance ya miƙa. Baba Arzika ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan igiya, ya farke ɗinkin, ya warware tsumman a tafin hannunsa, ya kai masa har hanci.

"Shinshina. Me ka ji?"

Nata'ala ya shinshina. "Kamar kuka."

"Kuka ce. Ta miyar gwaggonka Larai, da tokar murhunta. Je ka tambaye ta, a gabanta na ɗiba. Babu magani, Nata'ala, ba a taɓa yi ba. Kakanka bai ba ubanka ba, bai ba ni ba. Bango in ɗanye ne zai zubar da kai, zai zubar da Barau, zai zubar da hakimi in ya hau. Igiyar nan da yatsan nan, su ke nan abin da muka gada. Na yi maka ƙarya don ka kiyaye, ga abin da ƙaryata ta jawo, mutum yana kwance a zaurena. Yanzu ka gane?"

Nata'ala ya daɗe yana kallon garin da ke tafin hannun baffansa. Idanunsa suka kawo ruwa. Tsohon ya ji wani sanyi ya fara shigarsa, ya ce a ransa, to, ko da tsada, yau dai an gane.

"Na gane, Baffa," in ji Nata'ala. "Ashe shi ya sa aka faɗi a aikina. Ta ƙarya ka ba ni. Ni da na yi maka biyayya tun ina yaro, ban kai a ba ni ta gasken ba."

Ba da fushi ya faɗa ba, da ma da fushi ne da sauƙi. Ya goge ido da hannun riga, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya tashi ya tafi gidansa. Baba Arzika ya tsaya da garin kuka da toka a hannu, har iska ta kwashe rabi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai ji irinsa ba tun rasuwar ƙanensa.

Larai ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta dama kunu ta aika wa Barau, ta ce kuma a gaya wa matarsa ta zo ta zauna a nan har ya iya tashi. Tsohon ya ce gonar Barau bana a wuyan gidan nan take, Nata'ala da 'ya'yansa za su nome ta, ko sun so ko sun ƙi. Wannan dai ya san yadda zai sa a yi. Abin da bai san yadda zai yi ba shi ne ya bar mutum talatin a hannun wanda har yanzu yake ganin abin da ya kayar da Barau rashin laya ne.

Da gari ya waye ya sa aka naɗe buzun gindin tsamiya aka mayar ɗaki. Ya ɗaure gwiwoyinsa da tsumma, ya ɗauki igiya ya nufi bayan gari. Ɗan'inna ya tarye shi da "hakimi ya ce," tsohon ya ce masa bangon gabas ba mai taɓa shi sai ya bushe, in Bature yana sauri ya zo ya hau da kansa. Nata'ala yana can cikin ramin kwaɓi, ƙasa har gwiwa, ba wanda ya tura shi, kuma bai ɗago kai ba.

Baba Arzika ya danna bangon yamma, ya ji shi ƙam. Ya ɗaure tsani, ya jijjiga, ya sa mutum ya riƙe gindin. Ya fara hawa, kowane taki sai ya cije leɓe, gwiwoyin suna ƙara har na ƙasa suna ji. Da ƙyar ya kai, ya wurga ƙafa ya zauna, ya tsaya yana mayar da numfashi. Manoman suka yi cirko-cirko suna kallonsa, tsoho tukuf a can sama. Sai ya ji wani daga cikinsu yana ce wa na kusa da shi, a hankali wai don kada ya ji, "Ka gani ko? Ta gasken tana jikinsa."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ya miƙa hannu ƙasa ya ce a jefo tubali.